Wahalar Auna Sinadarin Boron a Cikin Ma'adinai

A shekarar 1951 ne wani masani Bafaranshe, Raimond Castaing, ya gabatar da na'urar da ke auna sinadaran dutse ba tare da an niƙa shi ba. Akan goge ɗan ɓallin dutsen har ya yi sumul, a yi masa shafen kabon, sannan a harba masa siririn tsinken ilektiron a gurbin da faɗinsa bai fi kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Kowane sinadari da ke gurbin sai ya fitar da hasken eksire irin nasa, wanda da shi ake gane shi, a kuma san yawansa.

Ƙarfe da silikon ba su da gardama. Boron kuwa, na 5 a jadawalin sinadarai, haskensa rarrauna ne ƙwarai, kimanin ilektiron-bolt 183, alhali na silikon ya kai 1,740. Dutsen da kansa yakan shanye mafi yawansa kafin ya fito, shafen kabon ma ya sha nasa rabo. Don haka akan rage ƙarfin tsinken zuwa kilobolt 5 ko 10, domin hasken ya taso daga kusa da fuskar dutsen. Idan kuma akwai kulorin a ciki, wani haskensa yakan faɗo daidai inda na boron yake, ya kumbura sakamakon.

Babbar matsalar ita ce awon na kwatance ne: ana gwada dutsen da wani ma'adini wanda aka riga aka san yawan boron ɗinsa, kamar danburait. To amma siffar hasken takan sauya dangane da ko ƙwayoyin oksijin 3 ne suka kewaye boron ɗin ko 4. Wanda ya yi kwatance da abin da bai dace ba zai sami lamba mai kyan gani, amma ta ƙarya.

Wannan ne ya sa masu binciken turmalin, dutsen adon nan da ake haƙowa har a yankin Keffi, suka daɗe suna kauce wa awon. Sai kawai su ƙaddara cewa ƙwayoyin boron 3 ne a kowane rukunin gininsa, wato kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa idan an haɗa da oksijin. Dabara ce mai sauƙi, amma zato ce. A 1997 aka bayyana wani turmalin daga tsaunin Koralpe na ƙasar Ostiriya, wanda boron ɗinsa ya zarce 3, rarar ta shige gurbin silikon ta zauna.