Darasi: Yadda mai zanen gida zai kare aikinsa daga kwastoma mai wuyar sha'ani

Kusan duk matashin da ya koyi AutoCAD ko SketchUp ya fara zana wa mutane gidaje da kansa ya san wannan labarin. Alhaji ya kira shi, an je an ga fuloti, ya yi kwana goma yana aiki, sannan aka ce "turo mini in gani". Ya tura ta WhatsApp, sai shiru. Bayan wata uku ya bi ta unguwar, ya tarar gini ya kai linta, kuma falon da kicin ɗin suna daidai inda ya ajiye su a kwamfutarsa, ba a biya shi ko sisi ba.

Matsalar ta fara ne daga abin da ya tura. Zanen gida yana fita daga kwamfuta ta siga daban-daban, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Fayil ɗin DWG na AutoCAD ko SKP na SketchUp shi ne uwar aikin, duk wanda ya same shi zai iya buɗewa ya sauya, har ya goge sunan mai shi. PDF mai ɗauke da awo shi ne abin da magini ke buƙata ya ja igiya ya fara haƙa tushe. Hoton 3D kuwa kwalliya ce, yana nuna yadda gidan zai kasance amma ba ya faɗin tsawo da faɗin kowane ɗaki. Saboda haka kafin kuɗi ya shiga, hoton kaɗai ya kamata ya fita, shi ma da sunan mai zane da lambarsa a shimfiɗe shara-shara a tsakiyarsa. Tambarin da aka maƙala a kusurwa ba ya hana komai, cikin daƙiƙa biyar ake yanke shi a waya.

A nan ma WhatsApp yana da amfanin da ba a lura da shi. Idan aka tura zane a matsayin hoto, manhajar tana rage masa nauyi da kyau, idan kuma aka tura shi a matsayin fayil yana isa yadda yake. Na farko ya dace da lokacin ciniki, na biyu sai an biya. Akwai tsarin gani sau ɗaya, kuma Google Drive yana ba da damar hana saukewa da bugawa ga wanda aka ba izinin kallo kawai. Duk waɗannan rage ɓarna suke yi, domin wanda ya yi niyya zai ɗauko waya ta biyu ya ɗauki hoton fuskar ta farko. Gogaggen magini ma yakan kintaci awo daga tsarin ɗakuna kaɗai. Shi ya sa tsarin ɗakunan ya fi kyau a nuna shi ido da ido a kwamfuta, ko ta kiran bidiyo, ba tare da an bar kwafi ba.

Sai batun kafin alƙalami, inda kunya ke cutar da mutane da yawa, musamman idan mai aikin abokin baba ne ko suruki. Hanya mai sauƙi ita ce a raba aikin kashi-kashi, kowane kashi da kuɗinsa: misali kashi 40 cikin 100 kafin a fara, 30 bayan an amince da tsarin ɗakuna, ragowar kafin a miƙa cikakken zane. Kuma a duba manhajar banki kafin a tura komai, don alat na bogi da hoton rasit ɗin bogi sun zama ruwan dare.

Akwai kuma kwastoman da ke biya amma ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Yau yana son ƙofar sashen uwargida ta kalli gabas, gobe Hajiya ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, jibi ƙaninsa da ya dawo daga Abuja ya kawo hoton wani silin POP. Duk ta saƙon murya, galibi da daddare. Maganin wannan tun ranar farko ake yinsa: a amince kan mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe, a kuma ƙayyade yawan gyaran da ke cikin farashi, misali biyu, na uku da kuɗinsa. Duk saƙon murya da ya zo, mai zane ya taƙaita shi a rubuce ya mayar: "Ranka ya daɗe, abin da na fahimta shi ne a ƙara wa kicin ƙafa uku a rage sito. In haka ne a amsa mini." Wannan amsar ita ce shaidarsa ranar da aka ce ba haka aka faɗa ba.

Sai dai shaidar WhatsApp tana iya ɓacewa. Mai saƙo na iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi daga ɓangarorin biyu, kuma idan aka kunna saƙonni masu ɓacewa za su tafi bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Don haka a riƙa fitar da hirar ana tura wa kai ta imel a ƙarshen kowane mataki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura, idan an cika sharuɗɗansa.

Idan an riga an kwashe zanen fa? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare zane-zane har da na gine-gine, amma shari'arta a Babbar Kotun Tarayya ake yi, kuma kuɗin lauya zai iya fin kuɗin aikin. Wanda ke da rubutacciyar yarjejeniya ya fi sauƙi, domin nasa bashi ne kawai, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotun ƙananan basussuka. Kafin a kai can, wanda ya haɗa su tun farko yakan fi kowa iya karɓo kuɗin. Abin da bai dace ba shi ne hucewa a Facebook da suna da hoton gidan mutum. An sha kama mutane a kan irin wannan rubutu ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ga kuma sauran masu gini da za su karanta su ja baya.

Wani aikin kuma ba mugunta ce ke raba mutum da shi ba. Hukumomin tsara birane kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suna neman zanen da ƙwararre mai rajista ya sa wa hatimi, kuma hukumar ARCON ce ke yi wa masu zanen gine-gine rajista. Wanda bai da ita ya faɗi haka tun farko, ya haɗa kai da mai ita, don kada kwastoma ya gano a ofishin hukuma ya tafi da fushi.

Zanen da aka fasa kuwa kada a goge shi. A cire sunan mai gidan da adireshin fulotin, a ajiye shi a babban fayil tare da ranar da aka yi shi. Fulotai masu ƙafa 50 a 100 suna da yawa, don haka da ɗan gyara zai iya shiga wani filin, hotunansa na 3D kuma su shiga cikin waɗanda ake nuna wa sabon kwastoma.