Darasi: Idan 'Yarki Ta Nemi Izinin Zuwa Ganin Birnin Paris

Wasunmu 'ya'yansu na karatu a Turai, kuma da an yi hutu sai a bugo waya: "Umma, za mu je Paris yawon buɗe ido." Kafin ke da maigida ku amsa, ga abin da za ku tambaye ta.

Na farko, da wa za ta tafi, kuma ina za ta kwana? Mai karatu a Ingila da fasfon Nijeriya sai ta nemi bizar Shengen, don ta Ingila ba ta shigar da ita Faransa.

Na biyu, sallah. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka ta riƙe jadawalin garin. Matafiyi yana ƙasaru, mai raka'a 4 ta koma 2. Ta ziyarci Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Na uku, sutura. Tun 2011 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, amma hijabi a titi ba laifi ba ne.

Hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889, akwai cunkoso da 'yan sane, don haka ta adana fasfonta. Idan amsoshinta sun gamsar da ku, ku sa mata albarka ta tafi. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.