Harafin Da Ya Ƙi Komawa Gurbinsa

Kafinta ya yanka sunan AMINA a jikin katako, harafi biyar, kowanne ya zauna daram a gurbinsa. Ya goge, ya shafa fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya shanya. Washegari da ya zo mayarwa, sai A na farko ya ce bai san zancen ba. Ya danna da babban yatsa, harafin ya shiga rabi ya cije, fitar da shi kuwa sai da bakin wuƙa. In ƙato mai ƙarfin hannu ya yi gumi a kan harafi ɗaya, ina ga 'yar shekara biyu da aka yi abin dominta?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun masu yin allon suna, wato falankin da ake yanke harufan sunan yaro daga jikinsa, a manna masa siririn katako a baya, yaro ya riƙa ciro harufan yana mayarwa. A Amurka da Turai kyauta ce da aka saba kai wa yaro idan ya cika shekara ɗaya ko biyu. Wasan haɗe-haɗen kansa ya daɗe: a shekarun 1760 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a katako ya yanyanka ta ƙasa-ƙasa, don yara su koyi labarin ƙasa suna haɗawa.

Abin aikin shi ne injin zarton zayyana: ɗan inji mai tebur, da zarto siriri kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa inci 5, yana hawa da sauka. Ana kwance kansa na sama, a zura shi ta ƙaramar huda a tsakiyar katako, a sake ɗaurewa, a yanko abu daga ciki ba tare da an taɓa gefen falanki ba. DeWalt DW788, wanda masu wannan sana'a suka sani sosai, yana bugawa daga sau 400 zuwa 1,750 a minti ɗaya. Rashin wutar lantarki ba ya hana aikin. A shekarun 1870 kamfanin Barnes na garin Rockford a jihar Illinois yana sayar da irin wanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, kuma zarton hannu mai dogon baka yana yin aikin, sai dai a tanadi haƙuri.

To, me ke sa harafi ya cije? Tsagar da tsinken zarto mai lamba 5 ke bari ba ta kai rabin milimita ba, kuma ita ce kaɗai sararin da ke tsakanin harafi da bangon gurbinsa. Mai son a yaba masa tsaftar aiki yakan ɗauki mafi sirantar tsinke, alhali shi ne ke jawo masa wahala. A nan lamba 7 ko 9 ta fi, don mafi girman lamba shi ne mafi kauri. A nemi kuma irin wanda haƙoransa kaɗan na can ƙasa suke kallon sama, domin su ne ke hana bayan katako tsattsagewa. Sai a tuna fenti yana da jiki. Shafi biyu a gefen harafi, shafi biyu a bangon gurbi, an cinye sararin ƙaf. Saboda haka a fente fuskar harafi, gefensa kuwa a ba shi shafi ɗaya mai ruwa-ruwa bayan an ci shi da samfefa, a bar bangon gurbin ba fenti.

Akwai wata cuta da ido ba ya gani. Idan teburin inji ya karkace ko da kaɗan, yankan zai fito a jirge, harafin ya zama kamar murfin tulu: yana shiga ta fuska ɗaya kawai, ko ya shiga ya ƙi fita. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. A ɗauki guntun katako mai kauri, a ɗan tsaga shi da zarton, a kashe inji, a juyo guntun zuwa bayan tsinken a gwada zura shi cikin tsagar. In ya shige sumul, tebur daidai yake. In ya ƙi, a gyara da sukwaya kafin a taɓa katakon kirki. Ko tebur na daidai, mai gaggawa da ke tura katako ta gefe a wurin kwana yana lanƙwasa tsinken, sakamakon kuma ɗaya ne. Zarto ake bari ya ci da kansa, hannu juyawa kawai yake yi. Tsinken ya ɗauru tamau har ya yi ƙara siririya in an kaɗa shi da farce, haƙoransa suna kallon ƙasa.

Sunayen da ke maimaita harafi suna da nasu tarkon. AMINA yana da A biyu, HASSANA yana da A uku da S biyu, kuma hannun ɗan Adam ba ya yanka harafi biyu iri ɗaya sak. Yarinya ta ɗauki A na ƙarshe ta kai gurbin na farko, ta yi daidai a karatu, katako ya ce ta yi kuskure. Haka S da N da H suke idan aka juya su kai ƙasa. Magani biyu ne: a ci gefen tagwayen harufan da samfefa har kowanne ya shiga gurbin ɗan'uwansa, ko a ba kowanne launinsa daban, a shafa wannan launin a ƙasan gurbinsa kafin a manna bayan allon. Na farkon ya fi adalci ga mai koyon karatu.

Tsawon suna ma abin dubawa ne. Ƙananan injuna tazarar inci 16 ce tsakanin tsinke da wuyan injin, wajen santimita 40, kuma falanki yana buƙatar juyawa ko'ina. ABDURRAHMAN harafi 11 ne. In kowanne ya ci santimita 6, allon ya haura santimita 65 tun ba a sa gefe ba, zai yi ta karo da wuyan inji. A nan alkunya ta yi rana: yaro nawa ne aka raɗa wa sunan kakansa amma duk gida Abba ko Baffa ake ce masa, yarinya kuma Ummi ko Nana? Sunan da yaro ke amsawa in an kira shi, shi ya kamata ya fara gani a allo.

Duk wannan zancen hannu ne. Amma ɗan shekara biyu da baki yake fara binciken abu, kuma a nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana da ɗan bututun gwaji mai faɗin inci 1.25, wato milimita 31.7, zurfinsa daga inci 1 zuwa 2.25. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, an haramta shi a kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3. Wanda ba shi da bututun ya yi amfani da kwalin tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi shi faɗi, don haka ya fi tsanani. Harafi mai tsayin santimita 7 zuwa 8 ya tsira, in ban da I, wanda sai an yi masa faffaɗan kai da gindi. Ɗigon ƙaramin i da na j ba su tsira ba, shi ya sa ake zaɓar manyan baƙaƙe. 'Yan mariƙan da ake kafa wa harufa don sauƙin cirowa su ma abin tsoro ne, domin gam yakan saki.

Mai yanka sunan Bahaushe yana da ƙarin abin lura da littattafan kafintocin Turai ba su ambata ba. Alhamzar da ke cikin ASMA'U da SA'ADU da RABI'U ɗan guntu ne daidai maƙogwaron yaro. Kada a yanke ta: a zana ta da fenti a jikin allon, a inda take. Sai ƙugiyar Ƙ da Ɗ da Ɓ, ta ƘASIMU ko ƊAHIRU. Wuri ne siriri da ya gitta jijiyar katako, faɗuwa ɗaya a kan siminti ya ishe shi, kuma abin da ya ɓalle guntu ne mai tsini. A kauranta ƙugiyar tun a takarda, a gajarta ta, a zagaye bakinta. Nau'in rubutu na Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, da Noto Sans, duk suna da waɗannan harufa kuma kyauta ake sauke su. A buga da mai kauri.

Saboda irin wannan karyewar filawud mai kyau ya fi falankin itace guda, tunda hawa-hawansa a gicciye suke, kuma ba ya kumbura da damina ya motse da hunturu kamar yadda itace ke yi. Turawa sun fi son na itacen birch. Kada a kusanci MDF, wanda gari ne da gam, yawu yana kumbura shi. Kada a kusanci katakon da aka jiƙa da maganin gara, ko tsohon falankin dakon kaya da ba a san abin da ya zuba a kansa ba. Ƙurar iroko da ta mansoniya tana cutar da mai yankan kansa, ta obece ma tana tayar wa wasu da asma, don haka takunkumi da tabarau ba ado ba ne.

Yadda za a yi harufan su ɗan ɗago yaro ya samu makama ba tare da mariƙi ba dabara ce mai sauƙi. A ɗora falanki mai kaurin milimita 12 a kan siriri mai milimita 3, a naɗe su da salatif, a manna takardar sunan a sama, a yanka su tare. Kowane harafi zai fito da ƙaninsa siriri. A manna ƙanin a ƙarƙashinsa da farin gam, a ajiye siririn firam ɗin gefe: harafi ya zama milimita 15 a gurbi mai 12. Hudar shigar zarto a yi ta ƙarama, a kan layi, a cikin lungun harafi inda ba za ta nuna ba. Cikin A da B da D da R kuwa shi ake fara yankewa, tun harafin yana haɗe da falanki akwai wurin riƙo. Salatif ɗin yana da wani amfani: yana rage ƙonewar gefen katako.

Batun fenti ba a yi masa sassauci. A watan Yunin 2007 kamfanin RC2 ya janye kayan wasan jirgin ƙasa na katako na Thomas & Friends kusan miliyan 1.5 daga kasuwar Amurka saboda dalma a fentinsu, a ƙasar da ta hana fentin dalma a kayan yara tun 1978. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400, ko da yake ta can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito. Har yanzu ana samun dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a ƙasashe da dama, musamman ja da ruwan ɗorawa, launukan da yara suka fi so. Ragowar fentin ƙofa ko na get ba na allon yaro ba ne. A nemi fentin ruwa mai ɗauke da shaidar EN 71-3, ma'aunin Turai na kayan wasa. In babu, katako tsirara da aka goge sumul aka murza masa kakin zuma ya wadatar. Man gyaɗa kuwa a bar shi a kicin, yana ɓaci ya yi wari, wasu yaran ma jikinsu ba ya karɓarsa.

Bayan an manna bayan allon, an goge gam ɗin da ya tsatso cikin gurabe tun yana ɗanye, an danne da abu mai nauyi ya kwana, sai a bar fentin ya yi kwanaki har warinsa ya tafi. Sannan a jera harufan, a kife allon a kan tabarma. Duk harafin da bai faɗo da kansa ba, a mayar da shi wurin samfefa. Waɗanda suka faɗo a bi gefensu da bayan hannu ana neman sartse, a saki kowanne daga tsayin tebur zuwa kan siminti sau biyu ko uku. Wanda ya tsage a sake yanka wani.