Darasi: Adana Sani a Ƙungiyoyin Taimakon Juna

Gabatarwa

Ƙungiyar taimakon juna ita ce wadda ke yin sana'a domin amfanin jama'a, ribarta kuma ta koma ga biyan bukatunsu, kamar ƙungiyar masunta, ko ta manoman rani, ko adashen Zumuntar Mata. Takan tsare kuɗinta da kulawa, amma sau da yawa takan bar saninta a kan mutum ɗaya. Ran da ya ƙaura ko ya rasu, sai a koma farko.

Misali Daga Nguru da Gashuwa

Rayuwar mutanen Nguru da Gashuwa ta rataya ga ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, wadda ke ba su kifi da shinkafa da makiyaya. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe magudanu, ruwa ya karkata ta mashigar Marma yana cinye gonaki wajen Nguru, waɗansu rassan kuwa suka ƙafe.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. Ma'aikatansa sun riƙa auna faɗin ambaliya, suna ƙirga tsuntsaye, suna rubutawa. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. A 2006 kuma jihohi 6, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince a Damaturu da tsarin kula da ruwan yankin. Da ba a tara bayanai ba, da kowace jiha ta tsaya kan zatonta.

Haka kuma shirin raya yankin hamada da ke Garin Alkali kusa da Gashuwa ya fara da tallafin Turai, amma tallafin ya tsaya a 1995. Kuɗin baƙo yakan yanke; abin da mutanen gari suka koya shi ne nasu.

Sani Iri Biyu

Na farko shi ne na takarda: lissafin kuɗi, sunayen masu bashi, da shawarwarin taro. Na biyu yana cikin kai da hannu: masunci ya san inda kifi ke ƙwai, tsohuwa ta san irin shinkafar da ke jure zurfin ruwa. Wannan ba ya shiga littafi da kansa, sai an zauna an tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matakai Huɗu

1. A ajiye littafin ƙungiya, a rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya lalace, tare da dalili.
2. Kowane mai muƙami ya sami mataimaki matashi da yake koya masa.
3. A yi taron waiwaye bayan kowane girbi, a ba mata da dattawa bakin magana.
4. A riƙe kwafi biyu a gidaje dabam, gama gara da ambaliya ba sa tausayin takarda. A ɗauki hoton shafukan da waya.

Kammalawa

Mai ɓoye sani don kada a yi ba shi, ƙungiyarsa yake haƙa wa rami. Sani amana ne, amfaninsa kuwa sai an miƙa shi. Wannan hali a gida ake koyonsa, sa'ad da iyaye ke bayyana wa 'ya'ya dalilin kowane aiki.

Tambayoyi Domin Iyali

1. Wane sani ne mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da shi a gidan nan?
2. Idan ma'ajin ƙungiya ya ƙaura gobe, wa zai iya karanta littafinsa?
3. Wane dattijo ya kamata a ziyarta cikin wannan wata, a rubuta abin da ya sani?