Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Sanyi a Omdurman

Wannan saƙo ya fito daga wani matashi ɗan kasuwa a Omdurman, ƙasar Sudan, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Yana cewa: yaya samari da mata masu zaman kansu za su kare kansu daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, alhali yaƙi ya rufe asibitoci?

To, malam, mun gode. Gaskiya ne, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 asibitoci da yawa a Khartoum suka daina aiki, kodayake asibitin Al-Nau na Omdurman ya ci gaba da karɓar marasa lafiya.

Kamun kai shi ne kan gaba. Wanda bai iya ba, kororon roba, a kowace saduwa. Kororon roba yana tare ciwon sanyi da ƙanjamau, yana kuma rage hatsarin tunjere.

Inda ake yawan kuskure shi ne sayen kafso a kantin magani a sha kwana biyu, da zafin fitsari ya lafa a ajiye. Haka ciwon sanyi ke gagarar magani. A je a yi gwaji, a shanye maganin, a kuma yi wa abokin kwanciya magani tare, domin mata da yawa ba sa ganin wata alama. Mai juna biyu kuwa, gwajin tunjere wajibi ne, saboda cutar tana kama jariri.

Wadda aka yi wa fyaɗe ta garzaya asibiti kafin kwana 3 su cika, akwai maganin riga-kafin ƙanjamau. Kafin kwana 3, malam.