Shawarwari Goma Ga Magidantan Jibiya: Gyaran Gari Daga Ƙofar Gida Yake Farawa

Jibiya gari ne da ke cika ta kowace kusurwa. Kasuwar Lahadi tana jawo fatake daga Katsina, Zamfara da Maraɗi. Iyakar Magama tana jawo direbobi, dillalai da 'yan dako. Rashin tsaro a ƙauyuka kuma ya koro iyalai da yawa cikin gari, wasu sun raɓa da dangi, wasu sun kama haya. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 170,000, yau kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ta nan zai ratsa.

Mutanen garin sun ɗanɗana abin da cikar gari ba tsari ke haifarwa. A tsakiyar Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje a unguwanni irin su Kwata, Ɗan Tudu da Tukare, har wasu gawarwakin sai a cikin Nijar aka tsinto su. Allah Ya jiƙansu da rahama. Zana taswirar gari da gina manyan magudanai aikin hukuma ne, amma kaso mai yawa na tsarin gari yana hannun magidanci: inda ya aza bulo, inda ya haƙa salga, inda aka zubar da sharar gidansa. Ga abubuwa goma da kowane gida zai iya yi ba sai ya jira hukuma ba.

1. Kada ka sayi fili sai ka gan shi da damina

Da rani duk filin Jibiya kyakkyawa ne, rairayi ne shimfiɗe, dillali kuma bakinsa da zaƙi. Ka yi haƙuri har watan Agusta, ka je wurin washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka duba ko ruwa ya kwanta, ka duba inda ya zaizaye ƙasa, ka duba karare da ledojin da ya maƙale a jikin itatuwa, domin tsayin da suka maƙale shi ne tsayin da ruwan ya kai. Ka tambayi dattawan da suka noma wurin kafin a yanka shi fuloti. Idan suka ce maka nan tsohuwar hanyar ruwa ce, ko tsohon kududdufi da aka cike, ka riƙe kuɗinka ko da a rabin farashi aka sallama maka. Araha ba ta ado.

Sannan ka bi takarda. Filin awon igiya, wanda mai gona ya yanka da kansa, sau da yawa ba a fitar masa da hanya ko magudana ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu, don haka sa hannun shaidu kaɗai ba ya tsare ka ranar da rigima ta taso. Ka sanar da mai unguwa, ka je sashen filaye na ƙaramar hukuma, ka nemi amincewar hukumar tsara birane ta jiha kafin ka tona harsashi. Ka kuma tabbatar filin bai faɗa cikin abin da aka keɓe wa titin Katsina zuwa Maraɗi, layin dogo ko manyan turakun lantarki ba.

2. Ka bar wa hanya haƙƙinta

Yawancin lungunan da suka matse ba a haka aka yanka su ba. Wannan ya fito da dakali taku ɗaya, na gaba da shi ya kafa rumfar shago, wani ya haƙa ramin ruwan wanka a waje, cikin shekaru kaɗan hanyar da tifa ke shiga ta koma ta babur. Ranar da gobara ta tashi, ko mai naƙuda ke neman mota cikin dare, ko aka fito da makara, ranar ake gane ɓarnar da aka yi. Ruwan sama ma hanyar yake bi, kuma in aka matse shi sai ya ƙara gudu ya ci gindin katanga. Kafin magini ya ja igiya, ka kira maƙwabta biyu su tsaya a ga iyaka. Shagon da kake so, ka fitar da shi daga cikin filinka.

3. Ka ɗaga harsashi, ka tsare gindin bango

Ginin ƙasa ba aibu ba ne, ya ma fi na bulo sanyi a watan Afrilu. Abin da ke kayar da shi ruwan da ke kwanciya a gindinsa ne. In za ka yi sabon gini, ka sa layukan farko su zama na dutse ko bulon siminti, daɓen ɗaki kuma ya fi hanyar waje tsayi da aƙalla tsawon kamu biyu. In tsohon gida ne, ka yi masa yaɓe kafin ruwan farko, ka zagaye gindin bango da ɗan dakalin siminti mai gangara zuwa waje. Indararo ya zama mai tsawo, ya zuba nesa da bango, a sa duwatsu a inda ruwan ke sauka. Tsakar gida ta gangara zuwa rariya, rariyar kuma a buɗe take, ba a toshe ta da tsumma don ɓera ba. Ragar ƙarfe ta isa. Tsagewar da ka gani a bango cikin watan Mayu, kada ka bar ta ta ga Agusta.

4. Ku yashe kwata kafin ruwan farko

Magudana komai girmanta, in ta cika da yashi da leda, ta tashi daga aiki. Magidantan layi ɗaya su sa rana a ƙarshen rani su yi aikin gayya, su sake yin wani a tsakiyar damina. Kuskuren da aka saba yi shi ne a kwaso dattin a jibge a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi ciki. A tanadi amalanke ko kura da za ta kwashe shi a ranar. A leƙa ƙarƙashin kwalbati, nan ne toshewa ke farawa. Wanda ya rufe kwatar ƙofar shagonsa da siminti, a roƙe shi ya mayar da ita marfi mai ɗaguwa.

Iyaye mata, ku hana yara wata ɗabi'a: da an fara ruwa sai a fito da kwandon shara a juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, a kwalbatin unguwar da ke ƙasa da ku take tsayawa, ruwan kuma ya juyo ya shiga gidajen mutane.

5. A raba shara tun daga madafa

Uwargida, ki ajiye mazubi biyu. Ɗaya na abin da ke ruɓewa: toka, ɓawon kayan miya, sharar tsakar gida, kashin awaki da na kaji. Wannan taki ne, kuma a Jibiya yana da masu so. Madatsar ruwan da aka gina a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, ita ke riƙe da noman rani a yankin, masu lambu kuwa ba sa ƙin taki, balle yanzu da buhun na zamani ya yi tsada. Ɗaya mazubin na ƙarfe, roba, gwangwani da tsofaffin takalma, waɗanda 'yan jari-bola ke saye. Abin da ya rage kaɗan ne, mafi yawa leda. Kada a ƙona ta a tsakar gida ko a hura wuta da ita, hayaƙinta yana cutar da ƙirjin yara da tsofaffi. Mai zuwa cefane ya tafi da jaka ko kwando, ledar da ke shigowa gida za ta ragu da kanta.

6. A nisanta salga da rijiya

Ƙasar Jibiya rairayi ce, ruwa yana ratsa ta da sauri, kuma ƙazanta tana bin sa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin salga da rijiya, salgar kuma ta kasance ta gangare. A fili mai ƙafa 50 wannan tazara ba ta samuwa, shi ya sa sai an yi shawara da maƙwabci: rijiyarka na iya zama taku biyar daga salgarsa, katanga kawai ta raba. A ɗaga bakin salga yadda ambaliya ba za ta shiga ba, a yi mata marfi. A ɗaure bakin rijiya da siminti, guga kuma a rataye shi, kada a yar a ƙasa.

Kwalarar 2021 ta taɓa jihar Katsina, ta taɓa Maraɗi, domin cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. In amai da gudawa suka kama wani, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana kan hanyar asibiti.

7. Ku tari ruwan sama

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa mai milimita 20, ya zubar da lita 1,000, wato jarka 40 irin ta 'yan ga-ruwa. Gida ya huta da sayen ruwan wanki na kwanaki, lungu kuma ya huta da wannan ruwan. A bar na farko ya wanke ƙurar rufi kafin a tara. Duro ko tanki ya kasance a rufe ruf, domin sauro yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Na sha a tafasa shi.

8. Kowane gida ya raini bishiya

Darasin yana nan ƙetaren iyaka. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a sassabe sauran, a bar shi ya girma. Da wannan dabara itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da an sayi dashe ba. Mai gona a gefen gari ya yi haka da gawo, aduwa, kalgo da magarya.

A cikin gari, bedi ya fi dacewa da ƙofar gida, amma a ba shi tazara daga bango da salga saboda saiwarsa. Zogale ya dace da tsakar gida, kusa da wurin wanke-wanke, ruwan da ake zubarwa ya ishe shi. A dasa a farkon damina, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a ɗora wa yaro ɗaya alhakin ban ruwa a ranin farko. Itatuwan bakin kogi kuwa su ke riƙe gaɓa, kada a sare su, kada kuma a yarda tifofi su riƙa ɗiban yashi a gindin gidajen mutane. Murhu mai tsimin itace, ko na yumɓu ne, yana rage yawan itacen da gida ke ci a wata.

9. A fitar da fetur daga ɗakin kwana

Garin iyaka ya san harkar jarka. Tun da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, ajiye fetur a gida ya ƙara zama ruwan dare. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tarar da garwashin murhu ko na turaren wuta daga nesa. Wanda sana'arsa ke nan ya ware masa wuri mai iska, nesa da madafa da ɗakin yara, ya ajiye bokitin yashi kusa. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, yaɗa ta yake yi. A unguwar da gidaje ke manne da juna, gobarar gida ɗaya ta layi ce gaba ɗaya.

10. Ku shirya wa daren ruwa, ku kuma tsare filayen jama'a

Ambaliyar 2018 cikin dare ta zo, mutane suna barci. Kowane gida da ke kwari ya san tudun da zai nufa da hanyar da zai bi, yara ma su sani. Takardun fili, na makaranta da katin shaida a ƙulle su cikin leda a rataye sama. Tocila ta kwana kusa. In ruwa ya yi ƙarfi cikin dare, mutum ɗaya ya zauna a farke yana duba waje. Da ruwa ya fara shigowa, a fitar da tsofaffi da yara tukuna, a kwance dabbobi, kaya su zo daga baya. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda bai kai gwiwa ba ma yana kayar da babban mutum. A riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet a rediyo, a kuma sanar da baƙin da suka zo gudun hijira, domin su ba su san inda ruwan garin ke bi ba, kuma sau da yawa su ne ke samun masauki a wuri mafi haɗari.

Wannan shiri ya fi ƙarfin gida ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magidantan unguwa su riƙa zama da mai unguwa da limami ko sau ɗaya a wata. Su rubuta filayen da na kowa ne: makaranta, maƙabarta, filin idi, burtali, filin wasan yara da kududdufin da ke shanye ruwan unguwa. Da zarar jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Jibiya, kuɗin fili zai tashi, kuma irin waɗannan wurare ake fara yankawa. Koken da aka rubuta, mutum 30 suka sa hannu, aka kai wa hakimi, kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ya fi ƙorafin majalisar shayi tasiri. A ajiye kwafi, a sa wa mutum biyu alhakin bibiya, a kuma karanta amsar da aka samu a zama na gaba.