Yadda A Ke Sauko da Babbar Mas'ala ta Aljabara

Da yawa daga cikinmu, in muka buɗe takardar jarrabawa muka ga x⁴ ko x⁶, sai gabanmu ya faɗi, mu tsallake tambayar, mu bar maki a banza. Alhali kuwa sau da yawa mas'alar ba baƙuwa ba ce, tsohuwar nan ce mai daraja biyu ta sake riga.

Ga misali. An ce wani fili mai kusurwa huɗu, girmansa murabba'in ƙafa 60, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta kuwa ƙafa 13. Nawa ne tsawonsa da faɗinsa? In muka kira gefe ɗaya x, ɗayan ya zama 60/x. Bisa ƙa'idar Faisagoras, x² + 3600/x² = 169. Mu riɓa kowane sashi da x², sai mu sami

x⁴ − 169x² + 3600 = 0.

To, mu duba da kyau. Babu x³, babu x shi kaɗai, kuma x⁴ ba kome ba ne sai x² sau x². Saboda haka mu ba x² sabon suna, mu ce y. Mas'alar ta koma y² − 169y + 3600 = 0. Waɗanne lambobi biyu ne in an tara su 169, in an riɓa su 3600? Su ne 25 da 144. Watau y = 25 ko 144.

Nan ne fa wurin tuntuɓe. Mu kan yi murna mu ja layi ƙarƙashin 25 da 144, mu manta ba y aka tambaye mu ba. Aro muka yi, tilas mu mayar. Tun da x² = 25, x = 5 ko −5; tun da x² = 144, x = 12 ko −12. Amsoshi huɗu ke nan. Amma fili ba ya da gefe mai ƙasa da sifiri, don haka faɗinsa ƙafa 5, tsawonsa 12.

Haka kuma x⁶ − 9x³ + 8 = 0. A nan x³ za mu kira y, gama 6 biyun 3 ne. Sai y = 1 ko 8, x kuwa 1 ko 2. Wani lokaci ɗayan y ya kan fito ƙasa da sifiri, kamar a x⁴ − 5x² − 36 = 0, inda y = 9 ko −4. Tara ta ba mu 3 da −3, amma babu lamba ta ainihi wadda in an riɓa ta da kanta za ta ba da −4. Sai mu rubuta haka a fili, kada mu share shi shiru, domin malami ya ga mun lura.

Wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce (x² + x)² − 8(x² + x) + 12 = 0. Wanda ya buɗe bakan nan ya jawo wa kansa wahala. Mu kira x² + x duka y, sai y = 2 ko 6. Na farko ya ba da x = 1 ko −2, na biyu x = 2 ko −3.

Kada dai a zaci dabarar nan tana buɗe kowace ƙofa. Sharaɗinta shi ne abu ɗaya ya bayyana sau biyu, sau ɗaya shi kaɗai, sau ɗaya a murabba'insa. Warware mai daraja biyu tsohon ilmi ne. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya tsara shi a Bagadaza wajen shekara ta 820, daga sunan littafinsa ma aka samo kalmar aljabara. Mai daraja huɗu kowace iri kuwa sai da Ferari na Italiya ya samo hanyarta, aka buga ta cikin littafin Kardano a 1545, kuma doguwa ce ƙwarai. A 1824 Abel, mutumin Norwe, ya tabbatar babu ƙa'ida irin wannan ga dukan masu daraja biyar.

Ga ɗaya a gwada kafin darasi mai zuwa: x⁴ − 10x² + 9 = 0. Kowace amsa aka samu, a mayar da ita cikin mas'alar ta fari a ga ko ta ba da sifiri.